Yadda ake dafa borsh mara nama, jar miyar bitrut ta mutanen Yukren

Tambayar nan ta yi yawa, kusan duk wanda ya ga jar miyar nan sai ya ce wai me aka zuba a ciki, kala ce ko zoɓo ne, wasu kuma sun gwada da kansu ta fito musu ruwan ƙasa babu kyan gani, dankalin ciki kuma ya ƙi nuna. Toh ba kala ba ce ba kuma zoɓo ba ne, jan bitrut ne, wata jar saiwa mai zagaye da ake sakawa a salak, yau dai zan zauna in jero muku komai yadda ake yi. Sunanta borsh, abincin mutanen Yukren ne, ana cinta sosai a Folan da Rasha da sauran ƙasashen wannan yankin, kuma a shekarar 2022 hukumar UNESCO ta saka al'adar dafa ta ta mutanen Yukren cikin jerin kayan gadon da ke buƙatar kariya ta gaggawa. Wadda zan koya muku ita ce mara nama, irin wadda Kiristocin can ke dafawa lokacin azuminsu da kuma daren jajiberin Kirsimeti, daren da suke jera abinci kala 12 babu nama ko ɗaya a ciki. Wannan ya mana daidai, domin mai naman tasu sau da yawa da naman alade ko kitsensa ake yi, ita kuwa wannan daga wake sai kayan lambu.

Abu ɗaya nake so ku riƙe tun yanzu, kayan miyar nan ba su da wahala, duk sirrin yana wajen me ya fara shiga tukunya me ya biyo baya. In kin bi jerin za ta fito ja wur, in kin haɗa komai lokaci guda kin yi asarar bitrut ɗinki.

1. Cefane

Wannan awon na mutum 6 ne. Bitrut matsakaita guda 3, wajen rabin kilo kenan. Dankalin turawa 4. Kabeji kwata ɗaya na matsakaicin kai. Karas 2, albasa 2, tafarnuwa ƙwaya 4 ko 5. Farin wake gwangwanin madara ɗaya. Tumatirin gwangwani ko na leda cokali 2 babba. Mai cokali 4. Khal cokali 1 zuwa 2, in babu lemon tsami guda ɗaya mai ruwa ya isa. Suga ƙaramin cokali, gishiri, masoro, ganyen bay guda 2. Ruwa lita 2 da rabi zuwa 3. Sai ganyen da za a watsa a sama da kindirmo na wajen ci, zan zo kansu a ƙasa.

Maganar kuɗi, ba zan rubuta farashi ba don kasuwa kullum canzawa take, amma ku sani bitrut ɗin ne zai fi cin kuɗi a cikin cefanen, sauran duk kayan da muka saba saya ne na salak da faten dankali. Mafi yawan wanda muke gani a arewa daga Filato ake kawo shi, don haka in kina Jos ki nufi Farin Gada, in kina Kano ki duba Yankaba ko wajen masu kayan salak, ya fi araha nesa ba kusa ba a kan na manyan kantuna da aka naɗe a leda. Lokacin sanyi da kayan lambu ke yawa shi ne lokacin da ya fi sauƙi.

Wajen zaɓa ki matsa shi da yatsa, ya zama da tauri kamar dutse, fatar a miƙe ba ta yamutse ba. Kada girma ya ruɗe ki, manya-manyan nan sau da yawa cikinsu zare-zare ne kuma ba su da zaƙi. In mai kayan ya yarda ki ɗan kankare gefe da farce ki ga launin, wanda ya yi ja mai duhu har yana neman komawa shuɗi-shuɗi shi ake so. In kin samu mai ganye a jiki kada ki bari a yanke a zubar, ganyen ana cinsa, ki yanka shi ki zuba tare da kabeji.

Mai kuma, su can man sunfulawa suke amfani da shi, ƙasarsu na cikin waɗanda suka fi kowa noma shi a duniya. In babu, man gyaɗa ya yi. Manja dai a'a, zai danne ɗanɗanon kuma launin zai rikice.

Kayan aiki: tukunya babba mai ɗaukar lita 4 ko 5, kasko mai faɗi na suya, greta mai manyan ƙofofi, wuƙa mai kaifi, katakon yanka, ludayi.

2. Waken tun dare

Ki tsince waken ki wanke ki jiƙa shi tun dare, ko a ƙalla awa 4. Ba sai kin surfa ba, da bawonsa ake so don ya tsaya ƙwaya-ƙwaya a cikin miyar. Da safe ki zubar da ruwan jiƙon, ki zuba sabon ruwa lita 3 ɗin nan a babbar tukunya ki ɗora, ki jefa rabin albasa ɗaya da ganyen bay. In ya tafasa ki rage wuta ki kwashe kumfar da ke tasowa. Waken namu bai kai irin nasu daɗewa a wuta ba, minti 30 zuwa 45 yawanci ya yi laushi in an jiƙa.

Gargaɗi, kuma shi ne mafi girma a duk rubutun nan: kada ki saka kanwa. Na san hannunmu ya saba, da an ɗora wake sai a jefa 'yar kanwa don ya yi saurin nuna, toh a nan haramun ne a wajen girkin, domin wannan ruwan waken shi ne zai zama ruwan miyar, kuma jan bitrut ba ya jituwa da kanwa sam, da sun haɗu launin zai mutu ya koma ruwan ƙasa-ƙasa mai ɗan rawaya kuma babu abin da za ki zuba daga baya ya dawo da shi yadda yake. Haka bakin soda. Ki yi haƙuri da waken ya nuna da kansa.

Kada kuma ki zubar da ruwan dahuwar waken. Tunda babu nama babu ƙashi, shi ne romonki. Su can suna ƙara busasshen naman kaza na daji, wato tsiron nan mai kamar lema da ake kira mashrum, su jiƙa shi su zuba har ruwan jiƙon, yana ba miyar wani ƙamshi mai nauyi. In kin samu na kanti wanda kika tabbatar da shi ki saka kaɗan, in ba ki samu ba ki bar shi, miyar za ta yi daɗi a haka. Kada dai a je a tsinko wanda ya fito bayan gida lokacin damina, akwai masu guba a ciki kuma ido ba ya rarrabewa.

3. Yanke-yanke, wake na kan wuta

Kada ki zauna jiran wake, wannan lokacin na yanka ne. Albasa ƙanana-ƙanana. Karas ki goga a greta. Dankali ki fere ki yanka shi kamar girman kan babban yatsa ki bar shi cikin ruwa kada ya yi baƙi. Kabeji ki yanka siri-siri dogaye irin na salak, ki cire ƙashin tsakiyar nan mai tauri.

Bitrut shi ne na ƙarshe don yana ɓata komai. Ki wanke shi tas domin ƙasa na maƙalewa a wuyansa, ki yanke sama da ƙasa, ki fere da ɗanyensa. Guda biyu ki goga a manyan ƙofofin greta, ɗayan kuma in kina da haƙuri ki yanka shi siri-siri kamar tsinken ashana, saboda gogaggen yana ba da launi shi kuma yankakken yana ba da abin taunawa. In ba ki da lokaci ki goge duka ukun.

Hannunki zai yi ja kamar kin kwana da lalle, kada ki damu, ki shafa ɗan mai a tafin kafin ki fara ko ki saka safar roba, bayan kin gama ki murza ɓawon lemon tsami ya fita. Katakon yanka kuwa in na itace ne ki wanke shi nan take kada ya bushe a kai, kuma kada ki yi aikin nan da farin mayafi ko kayan fita.

Kada ki saka bitrut a blanda ki markaɗa kamar kayan miya. Na ga masu yin haka, abin da ke fitowa kunu ne ja. Borsh miya ce mai ruwa-ruwa da kayan lambu suna yawo a ciki kowa ana ganinsa.

4. Dankali ya shiga

In kin matsa ƙwayar wake ta murƙushe amma ba ta fashe ta zama fate ba, ki cire albasar nan da kika jefa, ki duba ruwan, in ya ragu sosai ki ƙara tafasasshe ya koma wajen lita 2 da rabi. Yanzu ki zuba dankali da gishiri ƙaramin cokali ɗaya da rabi, ki rufe ya dahu minti 10 zuwa 15.

Ga dalilin da ya sa dankalin wasu ke ƙin nuna: sun zuba tumatir da khal kafin ya yi laushi. Tsami yana ɗaure dankali, in ya riga shi shiga ruwa za ki yi awa guda kina dafawa yana nan gurus-gurus, haka ma wake. Don haka duk wani abu mai tsami yana can gefe a kasko sai dankali ya nuna tukuna.

5. Suyar kasko, nan ne miyar take

Su suna kiran wannan haɗin zasmazhka, kuma a ganina wanda ya iya shi ya iya borsh. Dankali na dahuwa ke kuma kina nan kan ɗaya murhun. In murhu ɗaya gare ki, ki sauke waken in ya yi laushi ki fara yin suyar nan ki ajiye kafin ki zuba dankali, ba ta lalacewa.

Ki zuba mai a kasko a matsakaiciyar wuta, ki zuba albasa da ɗan gishiri ki riƙa juyawa har ta yi laushi ta fara ɗaukar launin zuma, wajen minti 6 ko 7. Kada ta ƙone, ɗacin zai bi miyar duka. Ki zuba karas ki ƙara minti 4, za ki ga man ya koma ruwan lemo. Sai bitrut, kuma da zubawa nan take ki watsa masa khal cokali ɗaya ko ruwan rabin lemon tsami da sugan nan, ki juya. Ki kula da idonki a nan, da tsamin ya taɓa shi za ki ga jan ya ƙara haske, ya tashi daga duhu-duhun nan ya koma ja mai sheƙi, wannan tsamin shi ke riƙe launin a wuta. Ki soya minti 5, sai ki buɗe tsakiyar kaskon ki zuba tumatir ya taɓa ƙarfen kai tsaye ya soyu minti 1 ko 2 don gafin ya fita, sannan ki haɗe su.

Daga nan ki ɗebo ruwan tukunyar wake ludayi 2 ki zuba a kaskon, ki rufe, ki rage wuta can ƙasa, ki bar shi ya turaru minti 15 zuwa 20 kina leƙawa kina juyawa, in ya fara kamu ki ƙara ludayi ɗaya. Ki ɗanɗana, bitrut ɗin ya yi laushi amma da ɗan ƙarfinsa, kuma warin ƙasar nan da mutane da yawa ke ƙi a jikinsa ya ragu sosai, zaƙi da tsami sun fito. Masu cewa ba sa son bitrut yawanci ɗanye ko dafaffe a ruwa suka ci, ba su ci soyayye haka ba.

Sugan kada ya wuce ƙaramin cokali, bitrut da karas da albasa duk masu zaƙi ne. In mai ciwon suga zai ci ki bar shi gaba ɗaya.

6. Kabeji, sannan a haɗe

Ki soki dankali da cokali mai yatsu, in ya shige ba gardama ki zuba kabeji. Sabon kabeji mai laushi minti 5 ya ishe shi, tsoho mai tauri ya kai 10. Wasu matan can suna ciro dankali biyu-uku su murƙushe su mayar don ruwan ya ɗan yi jiki, ni ma ina son hakan, kuma ya fi a saka fulawa.

Yanzu ki juye duk abin da ke kasko cikin tukunya, ki ɗauraye kaskon da ɗan ruwan miyar ki mayar don kada jan man nan ya tafi a banza. Ki juya a hankali. Ki rage wuta yadda miyar za ta riƙa ɗan motsi kawai, minti 7 zuwa 10 shikenan.

Gargaɗi: daga lokacin da bitrut ya shiga tukunya an daina tafasa mai ƙarfi. Mu mun saba miya sai ta yi ta ɓararraka har mai ya taso sama, toh jan bitrut ba ya jure doguwar wuta, in kika bar shi rabin awa yana tafarfasa a rufe za ki buɗe ki tarar da miya ruwan lemo ko ruwan ƙasa. Ki ɗan karkace murfin, kuma kada ki tafi wani aikin.

7. Gyaran ɗanɗano

Nan ake bambanta mai girki da mai bin takarda. Ki ɗebo a cokali ki hura ki sha. Abin da ake nema zaƙi da tsami da gishiri su tsaya daidai babu wanda ya hau kan wani. In kin ji ta lami, gishiri ne ya yi kaɗan. In zaƙi ya yi yawa ki ƙara khal ko lemon tsami kaɗan-kaɗan, rabin ƙaramin cokali kina ɗanɗanawa. In tsami ya zarce ki ƙara ɗan suga ko ruwan zafi. Sai masoro.

Tafarnuwa ki daka ta da ɗan gishiri ki zuba a minti na ƙarshe ki kashe wuta. In ta daɗe a wuta ƙamshin ya tafi, ita kuwa miyar nan tana son a ji tafarnuwa.

Maganar dunƙule da yaji, don na san za a tambaya. Asalin miyar babu dunƙule, kuma in kin yi suyar kasko da kyau ba za ki neme shi ba. In bakinki ba zai iya ba ki saka guda ɗaya, amma in don wanda ba ya cin nama kike dafawa ki karanta jikin takardar, da yawansu akwai ɗanɗanon kaza ko na sa a ciki. Kori da tayim da daddawa ki ajiye su yau, in suka shiga wata miyar ce daban kika yi. Attaruhu kuma ban hana ba, amma ki jefa guda ɗaya da ɗungum ba tare da kin fasa ba ki cire daga baya, ko ki kai dakakken yaji gefe kowa ya zuba a kwanonsa. Ina roƙon ku ko sau ɗaya ku fara cinta yadda masu ita ke ci kafin ku sauya mata kama, ai dalilin dafa abincin wasu ƙasashe kenan a gida, a ji yadda bakinsu yake.

In duk da haka launin ya kuɓuce miki, akwai ceto. Ki goga ɗan ƙaramin ɗanyen bitrut, ki zuba masa ruwan zafi kofi ɗaya da ɗigon lemon tsami, ya zauna minti 15, ki tace ki zuba ruwan a tukunya bayan kin kashe wuta. Wannan yana aiki in doguwar wuta ce ta kashe launin, in kanwa ce sai dai a kiyaye gaba.

8. A bar ta ta huta

Kada ki zuba nan take. Ki rufe tukunyar ki bar ta minti 20 zuwa 30, ki ciro ganyen bay. Mutanen Yukren kansu sun yarda borsh ta kwana ta fi daɗi, kuma gaskiya ne, washegari dankali da wake sun sha jan har ciki, tsamin ya kwanta. In baƙi za ki yi wa, ki dafa tun jiya in kina da firji.

9. Zubawa da abin haɗawa

A kwano mai zurfi ake zubawa, da zafinta, da cokali ake sha. A tsakiya suna ɗora cokali ɗaya na wani kirim mai tsami da suke kira smetana. Kindirmo mai kauri shi ne ya fi kusa da shi a wajenmu, ko yogot mara suga, ki duba da kyau kada ki sayo mai zaƙi. In kindirmon ya yi ruwa ki zuba shi a tsaftataccen ƙyalle ya ɗiga awa ɗaya zai yi kauri. A kwano ake sakawa, kada ki zuba a tukunya, zai tsinke kuma miyar ba za ta ajiyu ba. Masu azumin can ba sa saka shi tunda ba sa shan madara lokacin, don haka in wanda za ki ba ba ya cin duk abin da ya fito daga dabba, a bar shi haka.

Ganyen da suke watsawa a sama shi ne dil, wani ganye mai siraran gashi da ƙamshi mai ƙarfi. Samunsa sai manyan kantuna ko wajen wasu masu lambu a Jos, kuma yana da tsada. In babu ki yanka lawashi ƙanana da ɗan faski, ba ɗaya ba ne amma ya wadatar.

Ba da tuwo ko shinkafa ake ci ba, burodi ne abokin tafiyarta. Suna yin wasu ƙananan burodi masu laushi da ake kira pampushki, su shafe su da man tafarnuwa. Hanya mai sauƙi, ki daka tafarnuwa ƙwaya 3 da gishiri, ki haɗa da mai cokali 2 da ruwa cokali 1, ki gasa yankan burodi a busasshen kasko ki shafa masa da zafinsa. Ki nemi burodin da ba shi da zaƙi sosai, irin mai sugan nan ba ya tafiya da ita.

10. Ajiya da wasu abubuwa biyu

In ta huce ki juye a roba mai murfi ki saka firji, tana kwana 3 zuwa 4 lafiya. Robar za ta yi ja, ki zaɓi wadda ba ki damu da ita ba. Wajen ɗumame ki ɗebi iya wanda za a ci ki ɗora a ƙaramar wuta, da ta yi zafi sosai ta fara motsi ki sauke, kada ki yi ta ɗumama tukunyar gaba ɗaya kullum, kowane ɗumame yana rage jan. In wuta ba ta tsayawa a unguwarku ki raba awon nan biyu ki dafa iya na yini, domin akwai wake a ciki kuma kun san wake da zafin garinmu ba ya kwana. Firiza ma ana sakawa, sai dai dankalin yana canzawa ya yi ruwa-ruwa in ya narke.

Sannan ki faɗa wa mutanen gida tun kafin su ci, musamman in akwai yara da tsofaffi, wasu mutane in sun ci bitrut fitsarinsu ko bayan gidansu yana yin ja-ja na yini ɗaya ko biyu, launin ne kawai ke fita ba jini ba ne, kada a tashi hankalin gida da dare. In ya wuce kwana biyu bayan an daina ci ko akwai ciwo, wannan kam a je asibiti. Wanda kuma likita ya taɓa ce masa yana da tsakuwar ƙoda ya tambayi likitansa kafin ya mayar da bitrut abincin kullum.